Me ya sa muke son wanda muke so? Tambayoyi da amsoshi kan zaɓen miji da mata a idon masana halitta

Abin da ya sa na zauna na rubuta wannan, wani ƙanena ne da budurwarsa ta bar shi ta auri wani ɗan kasuwa, ya zo min ido jajir yana cewa ai Yaya kimiyya ma ta tabbatar mace kuɗi kawai take so, wai ya gani a wani bidiyo. Abin ya tsaya min a rai sosai, don binciken da yake nufi na san shi, kuma ba haka ya ce ba. Shi ya sa na tattaro tambayoyin da ake yawan yi min kan wannan batu, wasu daga ɗalibai wasu daga majalisa, zan amsa iya abin da na sani tabbas.

Wai mene ne ma wannan zaɓen abokin haihuwa da ake ta magana?

Asalin maganar daga Charles Darwin ne, Baturen Ingila. A 1859 ya fitar da bayaninsa cewa halittar da ta fi dacewa da muhallinta ita ke rayuwa ta hayayyafa, 'ya'yanta su gaji siffofinta. Toh amma sai ɗawisu ya tsaya masa a wuya. Wannan uban bindi da namijin ɗawisu ke ja a ƙasa ba ya taimaka masa wajen gudu ko ɓuya, nauyi ne kawai, kuma maƙiyi na hango shi daga nesa. Har a wata wasiƙa da ya rubuta a 1860 ya ce ganin gashin bindin ɗawisu kaɗai na sa shi jin ciwo. Sai a 1871 ya fito da amsarsa a wani littafi: rayuwa kaɗai ba ta isa ba, sai ka samu wanda za ku haihu da shi. Duk siffar da ke taimaka wa dabba ta samu abokin barbara za ta yaɗu ko da tana cutar da ita ta wani gefen.

Ya ce hanya biyu ce. Ko dai maza su gwabza tsakaninsu wanda ya yi nasara ya samu matan, ko kuma matan su tsaya su duba su zaɓa. Ba sai ka je Ingila ba, ka tsaya a tsakar gidanku da hantsi ka kalli jan gwada a kan katanga, kai ja wur jiki shuɗi, yana ta ɗaga ƙirji yana saukewa, in wani jan gwadan ya shigo yankinsa su hau dukan juna da bindi, matan kuwa masu launin ƙasa suna gefe. Raguna biyu da ke karo da ƙaho, hanya ta farko kenan. Ta biyu kuma ka duba tsuntsayen nan masu ruwan ɗorawa da ke saƙa sheƙa tana reto a reshen bishiya lokacin damina, namijin ne ke saƙar da ɗanyar ciyawa, in ya gama ya rataye a ƙasanta yana kaɗa fiffike yana ihu, macen ta zo ta shiga ta dudduba, in bai yi mata ba ta tashi abinta, shi kuma sau da yawa ya warware ya sake sabuwa.

An taɓa gwadawa an gani, ko dai hasashe ne kawai?

An gwada. Wanda ya fi burge ni shi ne na Malte Andersson a ƙasar Kenya, 1982. Akwai wani baƙin tsuntsu a filayen ciyawa can, namijin bindinsa ya kai kusan rabin mita. Mutumin nan ya kama mazan, ya yanke wa wasu bindi ya gajarta, guntun da ya yanke ya manna wa wasu nasu ya ƙara tsawo, wasu kuma ya bar tsawon nasu yadda yake don a kwatanta. Waɗanda aka ƙara wa tsawo su suka fi samun sababbin mata da suka yi sheƙa a yankinsu. A kajin daji ma, kakannin kajinmu na gida, an ga kaza ta fi karkata ga zakara mai babban zanko ja, kuma zakaran da tsutsar ciki ta kama zankonsa kan ƙanƙance.

Shi ɗawisun kansa kuwa har yanzu ana ja-in-ja a kansa. Marion Petrie a Ingila ta ga matan sun fi zuwa wajen mai yawan zane mai kama da ido a bindi, amma wasu masu bincike a Japan da suka shafe shekaru suna kallon nasu ɗawisun suka fitar da sakamako a 2008 cewa su ba su ga haka ba.

Me ya sa a dabbobi mace ce ke yawan zaɓe, namiji kuma ke yawan rawar kai?

Robert Trivers ne ya tsara amsar a 1972, kuma amsar lissafi ce. Wanda ya fi zuba jari a kan ɗa shi ya fi asara in aka yi zaɓen banza, don haka shi ke tsayawa ya duba. A wajen ɗan Adam mace ce ke ɗaukar ciki wata 9, ta sha naƙuda, ta shayar kusan shekara 2, duk ƙoƙarinta 'ya'yan da za ta iya haifa a rayuwa suna da iyaka. Namiji kuwa iyakarsa na da nisa ƙwarai, Sarkin Moroko Moulay Isma'il da ya yi mulki daga 1672 zuwa 1727 an ce 'ya'yansa sun kai ɗaruruwa.

Abin da ya ƙarfafa wannan bayani shi ne inda abin ya juye. Akwai tsuntsun fadama mai dogayen yatsu da ke tafiya a kan ganyen bado, a wajensu namiji ne ke kwanci a kan ƙwai ya yi renon 'yan tsaki, sai ga shi matan ne suka fi girma, su ke faɗa a kan maza, mace ɗaya ta tara maza da yawa. Kenan ba wai namiji ko mace ba ne, wa ke ɗaukar wahalar reno ne.

Kuma nan ne mutane ke kuskure in sun zo kan ɗan Adam. Mu ba ɗawisu ba ne. Namijin ɗawisu yana gama barbara ya yi gaba, bai san ɗansa ba. Jaririn mutum kuwa yana ɗaukar shekaru kafin ya iya ciyar da kansa, uba na ciki, kaka na ciki, gwaggo na ciki. Tunda namijin mutum ma yana zuba jari mai yawa, shi ma yana zaɓe, shi ya sa a wajenmu kowa na kwalliya kowa na dubawa. Ko a girman jiki an ga alama, namijin gorila ya ninka macen nauyi, mu kuwa bambancin kaɗan ne.

Malam, toh gaskiya ne ko ba gaskiya ba, mata kuɗi suke so maza kuma kyau?

Wannan ita ce tambayar ƙanena, bari in daɗe a kanta.

Binciken da kowa ke jingina da shi na David Buss ne, masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, ya fito a 1989. Sun tambayi mutum sama da 10,000 daga al'ummomi 37, har da Najeriya da Zambiya a ciki, me kake nema a wajen wanda za ka aura. Eh, a kusan ko'ina mata sun fi maza bai wa hanyar samun miji muhimmanci, maza kuma sun fi mata bai wa kyau da ƙuruciya muhimmanci. Wannan gaskiya ne ba zan ɓoye ba, kuma da aka sake irin binciken a ƙasashe 45 aka fitar a 2020 bambancin na nan. A binciken Buss ɗin, a jimlace maza sun so matar da suka girme ta da kamar shekara 2 zuwa 3, amma mazan Najeriya da na Zambiya tazarar da suka so ta wuce shekara 6, tana cikin mafi girma a duk binciken.

Amma ga ɓangaren da masu bidiyo ba sa faɗa. A cikin binciken Buss ɗin nan dai, abin da ya zo sama a jerin maza da na mata duka shi ne kirki da fahimta, da hankali, da son juna, da mutumin da za a iya dogara da shi. Kuɗi da kyau a ƙasa suke. Wato in ka jera abubuwan da mace ke nema, dukiya ba ta zo ta ɗaya ba, kawai dai ta ɗan fi hawa sama a jerinta fiye da jerin namiji. Akwai tazara mai nisa tsakanin "ta fi namiji kula da samu" da "kuɗi kawai take so", kuma wallahi duk wanda ya haɗe su ya zalunci mata ya kuma zalunci kansa, don zai shiga neman aure da zargi a zuciya.

Sannan a 1999 Alice Eagly da Wendy Wood suka sake duba alƙaluman Buss ɗin, suka ga a ƙasashen da mata ke da ilimi da aikin yi da abin hannunsu, wannan fifiko na neman mai kuɗi yana raguwa. Ni wannan ya zauna min daidai. Yarinyar da ba ta da sana'a, ba ta da gona, ta ga yadda yayarta ke wahala da yara biyar babu cefane, in ta tambayi sana'ar saurayi ba kwaɗayi ba ne, lissafin rayuwa ne. A Kenya Monique Borgerhoff Mulder ta bi tarihin auren ƙabilar Kipsigis, ta ga mata da iyayensu sun fi karkata ga namijin da ke da isasshiyar gona, kuma da hujja, don a gonar ce matar za ta ciyar da 'ya'yanta.

Wani abu kuma, abin da baki ke faɗa daban abin da zuciya ke yi daban. Paul Eastwick da Eli Finkel a 2008 sun sa samari da 'yan mata sun rubuta abin da suke so, sannan suka haɗa su ido da ido na 'yan mintuna. Da aka zo zaɓe, abin da suka rubuta bai hango wanda ya burge su ba, kuma kyau da samu sun ja maza da mata kusan daidai wa daida.

Kyau fa, a jini yake ko al'ada ce?

Duka biyun, amma al'ada ta fi ƙarfi fiye da yadda aka zata da farko. Akwai abubuwan da kusan ko'ina ake so, lafiyayyar fata, haƙora masu kyau, ido garau, alamun lafiya dai. A 1993 Devendra Singh ya ce maza na son macen da faɗin tsakiyar jikinta ya kai kashi 70 cikin 100 na faɗin ƙugunta, aka yi ta yayata shi kamar doka. Da aka kai hotunan wajen Matsigenka na ƙasar Peru da Hadza na Tanzaniya, mutanen da ba su saba da talabijin ba, sai suka fi zaɓar masu jiki. A Muritaniya da wajen Larabawan Azawak a Nijar ɗura wa yarinya madara ake yi ta yi ƙiba kafin aure, a daidai lokacin da 'yan matan Turai ke ƙin cin abinci don su rame. Inda abinci ke wahala ƙiba alamar wadata ce, inda ya yi yawa kuma rama ta zama ado.

Wannan ya sa raina ke ɓaci in na ga 'yan matanmu na shan ƙwayoyin ƙiba ko shafa man bilicin har fata ta ƙone. 'Yar'uwa, babu wani bincike da ya ce jinin namiji na neman farar fata dole, yayi ne, kuma yayi na wucewa, ƙoda da fata kuwa in sun lalace ba sa dawowa yadda suke.

In kana son ganin mutane na abin da tsuntsaye ke yi, ka je wajen Woɗaaɓe a Nijar ƙarshen damina, wajajen Ingal, lokacin Gerewol. Samari ne ke shafe awanni suna kwalliya, jar ƙasa ko rawaya a fuska, kwalli a ido, baƙi a leɓe, gashin jimina a ka, su jeru suna rawa suna ɗage dunduniya don su ƙara tsawo, suna zare ido suna washe baki don farin ido da farin haƙori su fito, 'yan mata kuma su ne alƙalai, su za su nuna wanda ya fi. Sharo na Fulani kuma wani salon ne, saurayi ya tsaya a zuba masa bulala bai motsa ba a gaban jama'a. Amotz Zahavi na Isra'ila ya yi bayanin irin wannan a 1975, ya ce alamar da ake yarda da ita ita ce mai tsada wadda rago ba zai iya kwaikwayo ba.

Gemu da babbar murya don mata aka yi su?

Ba lallai ba. David Puts ya kawo hujja cewa gemu da kaurin murya da faɗin kafaɗa sun fi aiki wajen sa wasu maza su shakkar mutum fiye da jan hankalin mata. A wajen Hadza dai an ga maza masu kaurin murya sun fi yawan 'ya'ya.

Na ji wai wari ma na sa a so mutum?

Daga gwajin Claus Wedekind ne a Suwizalan, 1995. Ya ba samari riguna suka kwana biyu da su babu turare babu sabulu mai ƙamshi, sannan mata suka shinshina. Matan sun fi son warin mazan da ƙwayoyin gadonsu na garkuwar jiki suka bambanta da nasu, tunanin shi ne 'ya'yan irin wannan haɗi za su fi jure cututtuka. Labarin na da daɗi, amma mutanen da aka gwada ba su kai 100 ba, kuma da aka maimaita a wasu wurare wani lokaci a samu haka wani lokaci a rasa. Haka ma maganar wai mace na canja irin namijin da take so gwargwadon kwanakin al'adarta, manyan binciken baya-bayan nan ba su mara mata baya sosai ba. Kar wanda ya sayar maka da turare da sunan kimiyya.

Ai a da iyaye ke zaɓa, toh ina zaɓen mace ya shigo?

Tambaya mai nauyi, kuma masu wannan fanni sun daɗe suna kau da kai daga gare ta don yawancin gwajinsu a kan ɗaliban jami'ar Amurka da Turai suke yi. Menelaos Apostolou ya duba bayanan al'ummomi 190 na mafarauta da masu tsintar abincin daji a 2007, ya ga a mafi yawansu iyaye ne ke da babbar murya wajen aurar da 'ya. Kenan tun fil azal namiji ba budurwa kaɗai yake burgewa ba, sai ya burge surukai. Mu wannan ba baƙon abu ba ne, bincike kafin aure, tambayar asali, gaisuwar iyaye, aikin gayya a gonar suruki. Kuma abin da iyaye ke dubawa da abin da yarinya ke dubawa ba sa zama ɗaya koyaushe, su asali da hali da riƙo, ita kuma har da wanda idonta ya kwanta da shi, rigimar da ake yi a gidaje da yawa kenan.

Me ya sa mutum ba ya sha'awar wadda suka tashi ɗaki ɗaya?

Edward Westermarck ɗan ƙasar Finlan ya faɗa tun 1891 cewa yaran da suka yi ƙuruciya tare sukan tashi babu sha'awa tsakaninsu, ko da ba jini ɗaya ba ne. An ga haka a gidajen renon gama-gari na Isra'ila, Joseph Shepher ya duba aure kusan 3,000 ya ga da ƙyar ake samun waɗanda aka rena tare tun suna ƙanana sun auri juna, alhali babu wanda ya hana su. A Taiwan kuma akwai tsohuwar al'adar ɗauko jaririya a rene ta a gidan yaron da za ta aura, Arthur Wolf ya ga irin wannan aure ya fi yawan mutuwa kuma haihuwa ta fi ƙaranci. Iyayen da ke shirin auren zumunci tsakanin yaran da suka tashi gida ɗaya, in yarinya ta ce ita kallon wa take masa, ba taurin kai ba ne, ku saurare ta.

Wannan ilimi bai ci karo da addini ba?

Maganar asalin ɗan Adam fage ne na malamai, kowa ya koma ga malaminsa. Amma cewa kaza na zaɓar zakara ko zuciyar mutum na karkata ga lafiya da kyau da wadata, wannan ido na gani. Hadisin Abu Huraira da ke cikin Bukhari da Muslim ya lissafa abubuwa huɗu da ake auren mace dominsu, dukiyarta da nasabarta da kyawunta da addininta, sannan ya ce a riƙi ma'abociyar addini. Wato an san jan da zuciya ke yi, aka kuma nuna abin da za a fifita. Masu binciken kansu suna nanata cewa bayyana dalilin da ya sa ake jin abu ba izinin aikata shi ba ne. Namijin da ke cin amanar matarsa ya ce ai haka aka halicci maza, ƙarya yake wa kimiyya, don ita kimiyyar ce ta nuna ɗan mutum ba ya tashi sai da reno mai tsawo daga hannu fiye da ɗaya.

A cikin duk wannan, wanne ne zai amfane ni kai tsaye in zan yi aure?

Gwajin jini, musamman na sikila. Anthony Allison ya nuna a 1954 a Gabashin Afirka cewa mai ɗauke da rabin sikila, wato AS, ya fi tsira daga mummunan zazzaɓin cizon sauro. Shi ya sa ƙwayar ta yi yawa a ƙasashen sauro irin namu, masu ita sun fi rayuwa sun haihu, har Najeriya ta zama ƙasar da ta fi kowace yawan jariran da ake haifa da sikila a duniya. Matsalar ita ce ido ba ya ganinta, hanci ba ya jin ta, mai AS lafiyarsa ƙalau, ga kyau ga ƙarfi. In AS ya auri AS, kowane ciki akwai yiwuwar 1 cikin 4 a haifi SS, kuma kowane ciki lissafinsa daban, ba wai in an haifi ɗaya sauran ukun sun tsira ba. A auren zumunci yiwuwar haɗuwar irin waɗannan ɓoyayyun cututtukan gado na ƙaruwa, don kakan ɗaya ne.

Ku yi gwajin tun ana gaisawa, kafin a kai kuɗin na-gani-ina-so, kuma ku yi a wuri biyu daban don ana samun kuskure. Wata 'yar ƙanwar mahaifiyata sai da aka kai lefe aka sa rana sannan suka je asibiti, sakamako ya fito AS da AS. Na je gidan washegari na tarar da akwatunan jere a ɗakin Inna an rufe su da zani, ita kuma tana zaune a bakin gado da takardar a hannu ta ninke ta har ta yi laushi. Kwana uku ba ta ci abincin kirki ba, a na huɗu ta ce wa Baba a mayar musu da kayansu.